Yadda Sakwarata Ta Kayar da Ƙanena a Maraɗi

Tun da muka dawo daga Maraɗi kunnena bai huta ba. Kwastoma zai zauna a benci, ko hannu bai wanke ba sai ka ji ya fara: Anti Asabe yaya Nijar, da gaske ne ba sa cin doya, da gaske ne an kayar da Sule? Na ba da labarin nan da taɓarya a hannu, na ba da shi ina kwasar miya, har agushi na ƙona sau biyu a kansa. To yau zan faɗe shi gaba ɗaya, da mai daɗin da marar daɗin. Wanda ya sake tambayata bayan wannan, abincinsa zai huce kafin ya ji amsa.

Ga wanda bai san mu ba, ni ce Asabe mai sakwara, rumfata na bakin tashar doya a nan Lafiya. Sule ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mu Gwandara ne daga Shabu. Shi ne kuke kira Sule Tirela. Iyayenmu sun rasu yana ɗan shekara bakwai, ni kuma ina amarya, sai na taho da shi gidan mijina. A lokacin in kun gan shi ba za ku ce zai yi rai ba, ƙashin haƙarƙarinsa kana iya ƙirgawa daga bakin ƙofa. Na yi rantsuwa a raina cewa yaron nan ba zai mutu da yunwa a hannuna ba. Malmalar farko da ta fito daga turmi tasa ce, kullum, tun kafin in sayar wa kowa.

Da ya tasa sai ya shiga dako a tashar doya. A nan ya koyi shiga ƙarƙashin kaya ya miƙe da shi, kuma wannan ɗagawar ce ta zama makaminsa a kokawa. Ya fara ne a dandalin Shabu bayan girbi, inda samari ke kama juna don 'yan mata su gani. Yana ɗan shekara goma sha tara ya ɗaga wani ƙato daga Obi da ake tsoro, ya ajiye shi a ƙasa a gaban mutanen garinsu. Ranar ce Koci Terna ya gan shi. Koci ɗan Tibi ne, tsohon ɗan kokawa, gajere mai ƙaton wuya, kuma shi ya riƙa yawo da Sule Makurɗi, Jos, Bauci, duk inda aka kafa fili. Shekara goma sha shida yana kokawa bayansa bai taɓa ƙasa ba. Ni ke wanke masa kaya har ya yi aure, na san abin da nake faɗa.

Amma me kokawar ta ba shi? Ya ci rago, ya ci buhun taki, sau ɗaya ya ci babur wanda ya sayar lokacin da matarsa ta yi rashin lafiya. A tafa masa ranar Asabar, ranar Litinin ya ɗauki gammo ya koma lodin doya kamar kowa. Ga shi ya kai shekara talatin da biyar, ga 'ya'ya uku, ga gwiwar hagu da ta fara yi masa magana in an yi ruwa. Shi ya sa da Koci ya zo da labarin Alhaji Illa, duk muka ɗauka Allah ya kawo mafita.

Alhaji Illa wani attajiri ne a Maraɗi da ke riƙe 'yan kokawa. Yana ba su ɗaki, yana ba su albashi duk wata, yana kai su gasa ƙasashen waje. Ya ga bidiyon Sule a waya, ya aiko cewa yana neman mutum ɗaya a ajin kilo tamanin da biyar, a zo a gwada a gabansa, wanda ya ci shi zai ɗauka. Koci ya ce wannan ita ce dama ta ƙarshe, don babu mai ɗaukar ɗan kokawa mai shekara talatin da shida. In Sule ya ci ya ajiye gammo har abada, in bai ci ba ya koma tasha.

Saura wata guda a tafi, Koci ya kai shi injin shinkafa ya ɗora shi a kan sikelin buhu. Kilo tamanin da huɗu. Daga can kai tsaye ya zo rumfata, ya tsaya a gaban kwastomomi, ya ce da ni da Hausarsa da ba ta san mace ba ta san namiji ba:

"Madam, kai ne wahala na. Daga yau malmala biyu, ba huɗu ba. In ya wuce tamanin da biyar, ba za su bar shi ya shiga fili ba."

Na dube shi sama da ƙasa. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin an kori ɗan kokawa don ya cika ƙarfi ba. A wurinmu wanda ya fito ya buga ƙirji, ka fita ku kama, ba mai tambayar nauyinka, kai ba shinkafa ba ne. Na ce masa to na ji, a raina kuwa na ce wannan iyayin turawa ne, za a aika yaro ƙasar wasu da ciki a lafe a ce daga gidan Asabe ya fito. A gaban Koci nakan zuba biyu. In ya juya baya, sauran biyun na bin Sule gida a kula, har da ganda da ƙarin manja. Sule kuwa bai iya ce min a'a ba, tun yana yaro. Ya taɓa cewa, Yaya, Koci fa ya hana. Na ce Koci ne ya yi jinyarka da ƙyanda? Sai ya ja kular ya ci.

Da na ji an ce a Nijar gero ne safe gero ne dare, sai na ce ƙafata ƙafarsa. Maigidana ya ce in zauna, na ce rumfa ba za ta gudu ba, 'yata Ladidi ta iya tuƙa ta na mako guda. Na ɗaure doya ashirin zaɓaɓɓu, da jarkar manja, da agushi, da daddawa, da turmina da taɓarya. A tashar mota direba ya zagaya turmin sau biyu ya ce wannan ai fasinja ne. Muka yi ta yi, ya ce a ɗaure a sama, na ce rana za ta tsaga min shi. Ƙarshe a tsakanin ƙafafuna ya yi tafiyar, tun daga Lafiya har Kaduna, gwiwoyina a haɓata.

Da muka zo Shabu, Sule ya leƙa ta taga yana kallon dandalin da ya fara kokawa. A Akwanga aka tsaya, Koci ya saya masa kokwamba biyu da ruwan leda. Kokwamba, jama'a, ga mutumin da ke ɗaga buhu biyu a kai! Na jira Koci ya zagaya bayan gida na buɗe kula. Wani mai sayar da kayan gyaran mota da ke kujerar baya ya ga abin da ke faruwa, ya ce shi ma a ba shi cin hanci ko ya faɗa. Na ba shi, ya ci, ya yi ta santi har Kafanchan yana cewa shekararsa goma bai ci sakwara mai laushin wannan ba.

A Kaduna muka canza mota, a nan jarkar manja ta yi halinta. Yaran mota suka kwantar da ita a but a kan jakar Koci. Sai da muka sauka a Katsina da la'asar muka ga aika-aika: rigar atisayensa fara, wadda ya ce ya ajiye ta ne don ranar gasa, ta koma ja har aljihu. Ya ɗaga rigar yana kallonta, yana kallona. Na ce ai ba ni na yi lodi ba. Ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa ganin an tafi kokawa da kicin ba.

Muka sauka a wani masauki kusa da tasha, su ɗaki ɗaya ni ɗaya. Famfo ba ruwa, fanka na juyawa amma iskar ba ta sauko ƙasa, katifa kuwa wanda ya kwana a kanta kafin ni ya bar min ramin jikinsa. Da gari ya waye na roƙi murhu wurin mai shayin bakin ƙofa na dafa doya, na fara daka a tsakar masaukin. Mai wurin ya fito da carbi a hannu ya ce baiwar Allah baƙi na barci. Na ce baƙon da ke barci har rana ta fito ai ba tafiya ce ta kawo shi ba. Koci ya je neman motar boda, don haka Sule ya ci huɗunsa cikin kwanciyar hankali.

A kan iyaka aka sauke mu duka. Katin ɗan ƙasa suka duba ba wata matsala, sai da aka zo kan buhun doya. Jami'in ya tambaya ko ta sayarwa ce, don in ta kasuwa ce akwai ƙa'ida. Na ce ta cikin mutum ɗaya ce, ta kwana biyar. Ya ce wane mutum ne zai cinye doya ashirin a kwana biyar? Na nuna Sule. Ya kira abokan aikinsa su zo su gani, suka yi ta dariya, ɗaya ma ya nemi a yi musu hoto tare. Sai da aka zazzage doyar a ƙasa aka ƙirga aka mayar, biyu suka karye, ni kaɗai abin bai ba dariya ba.

Ɓangaren Nijar kuma turmi ne ya tsone musu ido. Wani jandarma, jami'in tsaronsu, ya leƙa cikinsa, ya ƙwanƙwasa gindinsa, ya tambaye ni da Hausa mai daɗi ko an ce min babu turmi a ƙasarsu. Na bayyana masa cewa nasu na gero ne, dogo mai zurfi, nawa na doya ne, gajere mai faɗin baki, in ka daka doya a nasu gudaji za ta yi. Ya ce yau ya ƙaru, ya ɗaga mana sanda muka wuce. Gaskiya mutanen ba su da hayaniya irin tamu. A motar da muka shiga daga nan, mutum goma sha biyu, ba wanda ya zagi direba ko sau ɗaya har Maraɗi, abin har ya dame ni.

Mun shiga gari rana na tsaka, muka tarar da rabin shaguna a rufe. Na tambaya ko mutuwa aka yi, aka ce a'a, hutun rana ne, sai la'asar a buɗe. A Lafiya ka rufe rumfa da azahar ka ga ko kwastoma zai jira ka. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, kuma taurinsa bai yi nisa da ita ba, a hammata suke ɗauko shi ba leda. Okada kabu-kabu suke ce masa. Hausarsu kuwa zalla ce, sai na ji tawa ta zama gwanjo. In na ce kwastoma su dube ni, in suka sako Faransanci ni ma in dube su, a haka muka yi ta lallaɓawa.

A gidan Alhaji Illa aka kai su Sule ɓangaren 'yan kokawa, ni aka kai ni wurin yayarsa, Hajiya Mariyama, wata tsohuwa siririya mai idon gani. Ta tarbe ni da ƙwaryar fura da nono, mai sanyi har cikin ƙashi, sannan aka kawo zogale da aka kwaɓa da ƙuli. Daɗi kam akwai, ba zan yi ƙarya ba. Amma da na tambaya ina abincin, ta ce ai shi ke nan na ci. Na tambaya abin da 'yan kokawarsu ke ci, ta ce fura da safe, fura da rana, tuwon gero da nama da yamma. Na tausaya musu a raina, ni Asabe sarkin sani.

Da yamma na kafa turmina. Matan gidan suka kewaye ni, su masu daka gero suna jefa taɓarya sama suna tafi, amma ba su taɓa ganin an daka doya har ta yi danƙo tana bin taɓarya ba. Hajiya ta ɗanɗana ta ce wannan ai in mutum ya ci sai ya nemi tabarma. Ta tambaye ni ko ɗan'uwana ba gobe ne awonsa ba. Na ce gobe ne. Ta ce su nasu yaran tun jiya suka rage ci. Na ce kowa da irin kiwonsa. Ta dube ni kawai ta ci gaba da jan carbinta, ni kuma na aika wa Sule biyar, don na ga hanya ta ɗan taɓa shi.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda suka ɗauki ɗan kokawa. A can in ya fito yara na bin sa, mata na guɗa, hotonsa na manne a shagon mai aski da bayan kabu-kabu. Na ga dattijo ya tashi daga kujera ya ba wani yaro ɗan kokawa wuri. A nan Lafiya Sule zai kayar da mutum biyar ranar Asabar, ranar Litinin ɗan kamasho na daka masa tsawa don ya fasa doya ɗaya. Na ga yadda yake kallon ɗakunansu da filin atisayensu, yana shafa buhunan yashi da hannu. Tun yana yaro ban ga yana son abu haka ba.

Washegari da hantsi aka yi awo a tsakar gidan. Ba sikelin buhu ba ne, wani ɗan ƙarami ne mai lamba a gilashi, ga wani mai farar riga da littafi a gefe. Aka yi ta hawa ana sauka. Da aka kira Sule ya tuɓe daga shi sai gajeren wando ya hau. Mai farar rigar ya duba, ya ce ya sauka ya sake hawa. Ya sake hawa. Kilo tamanin da tara da rabi.

Wallahi sai da na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Amma kun san halina, maimakon in yi shiru sai na buɗe baki. Na ce sikelin ne bai da lafiya, na ce kilon Nijar ba ɗaya yake da na Najeriya ba, na ce a kawo na injin shinkafa a gani. Koci ya juyo a cikin jar rigarsa, na shirya jin zagi, na ma shirya ramawa. Bai zage ni ba. Ya ce a hankali, "Madam, na faɗa maka." Sai ya je gindin bango ya tsuguna ya rufe fuska da hannu. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ana cewa garin neman ƙiba a samo rama, ni ƙibar na nema, ita na samu, ita ce kuma ta kashe mu.

Alhaji Illa mutum ne mai sauƙin kai. Ya ce doka ta ba da awa biyu a sake awo, amma kilo huɗu da rabi ba ya zuba a awa biyu, in ma ya zuba mutum ba zai iya tsayuwa a fili ba. Ya ce ajin tamanin da biyar ya wuce Sule. Sai dai tunda an sha hanya, akwai ajin kilo ɗari, inda yake da gwarzonsa da ake kira Rumbu. Ba ya neman kowa a wannan ajin, amma in Sule ya kayar da Rumbu da yamma, zai ɗauke shi ko da zai gina sabon ɗaki ne.

Koci ya ce a gwada awa biyun tukuna, a naɗe Sule da leda ya yi gudu a rana, ya yi ta tofar da miyau, ko Allah zai sa. Ni ma na ce a yi hakan, har na fara neman leda a cikin kayana. Sule ya girgiza kai. Ya ce:

"Abin da Yaya ta zuba a jikin nan ba zan zo ƙasar mutane in tofar da shi a ƙasa ba. A kawo Rumbun."

Bayan la'asar aka tafi fili. Da'ira ce ta rairayi an kewaye ta da buhunan yashi, mutane kuwa har kan katanga. Makaɗa na gefe suna kiran kowa da sunansa da na kakansa. 'Yan kokawarsu sun sha layu a damtse da ƙugu, wani a zuba masa ruwan rubutu a ka, wani ya binne abu a rairayi ya taka. Sule ba shi da komai sai gajeren wandonsa, shi ma da ɗigon manja a gefe. Ba makaɗin da ya san kirarinsa. Sai na miƙe daga cikin mata na yi masa da Gwandara, irin wanda ake yi masa a Shabu. Ya jiyo, bai waiwayo ba, amma na ga ya gyara tsayuwa.

Da Rumbu ya fito na gane dalilin sunan. Yaro ne bai fi ashirin da biyar ba, ya fi Sule tsawo da kai guda, kuma duk furar nan da na raina ba ta zauna masa a ciki ba, a kafaɗa ta zauna. Aka busa usur suka sunkuya. Suka daɗe suna zagaye, wannan ya kai hannu wannan ya doke. Rumbu ya kawo taɗiya sau biyu Sule ya tsallake, mutane suka fara kallon juna. Amma ni da na san numfashinsa tun yana kwana a bayana, na ji ya fara haki da wuri. Cikin da na cika yana hawa yana sauka. Koci ya taɓa faɗa min cewa nauyin da aka ƙara a wata guda numfashi yake ci, na ce masa surutu ne.

Sule ma ya san lokaci ba nasa ba ne, sai ya yi abin da ya iya. Ya nutse ƙarƙashin Rumbu ya rungumo cinyoyinsa ya fara miƙewa da shi. Na rantse da Allah ƙafafun Rumbu duka biyu sun bar ƙasa, kowa ya gani, makaɗa ma sun tsaya. Saura ya juya ya ajiye. Sai gwiwar hagu ta lanƙwashe. Rumbu ya sako nauyinsa gaba ɗaya, suka tafi tare, Sule a ƙasa.

Filin ya ɗauki ihu, aka ɗaga Rumbu sama. Ban san lokacin da na tsallake buhunan yashi ba. Wani mai gadi ya tare ni, na ji muryar Hajiya Mariyama tana cewa a bar ta, ɗan'uwanta ne. Sule ya tashi zaune. Rairayi ya manne a bayansa da gumi tun daga wuya har ƙugu, abin da ban taɓa gani ba a shekara goma sha shida. Na kama bakin zanena na fara share masa, ina kuka ina cewa ni ce, ni na kayar da kai, ba shi ba. Ya riƙe min hannu.

"Bar shi tukuna, Yaya. Bari in ji yadda yake."

Rumbu ya dawo ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce tun da ya fara kokawa ba a taɓa raba shi da ƙasa ba sai yau. Alhaji Illa ma ya zo ya kama hannun Sule ya daɗe bai saki ba. Ya ce da a ajinsa ya shiga, bai ga yaron da zai tsaya masa ba. Na san yabo yake yi, amma da ya bar wannan maganar a cikinsa. Wani yaro ɗan Tasawa ya ɗauka a ajin tamanin da biyar, wanda a idona Sule zai iya ɗaga shi da hannu ɗaya.

Da za mu taho na bar wa Hajiya turmin da sauran doyar, don ban ƙara son ganinsu a tsakanin ƙafafuna ba. Ta ba ni kilishi da ƙullin gero, ta raka ni har ƙofa. Ta ce kada in kashe kaina da tunani, wanda ya ciyar ba ya rasa lada ko da ya wuce gona da iri. Jandarman nan na boda ya gane ni ya tambayi ina turmi, na ce ya yi aure a Maraɗi. A Kaduna na sayi farar riga na miƙa wa Koci, na ce ya yi haƙuri, kuma ba rigar kaɗai nake nufi ba. Ya karɓa ya ce shi ma da laifinsa, ya san ni shekara goma sha shida, bai kamata ya yarda da malmala biyun da yake gani a faranti ba.

To kun ji Nijar. Mutanen kirki ne, suna da doya amma tsada, furarsu ta fi tamu, burodinsu kuma a bar wa masu haƙori. An kayar da Sule da gaske, kuma yanzu kun san wanda ya kayar da shi, sai a daina cewa asiri aka yi masa.

Mun iso ranar Asabar. Ranar Litinin da safe na hango shi ya wuce ta gaban rumfa da gammo a hannu, yana ɗan ɗingishi, ya nufi inda tirela ke lodi. Da azahar ya zo ya zauna a inda yake zama, ƙurar doya har gira. Na ɗauko faranti, na zuba malmala biyu na ajiye a gabansa. Ya dubi farantin, ya dube ni.

"Yaya, a tashar doya ba a awo. Cika min."

Na ƙara biyu. Sannan na juya na fuskanci murhu, na ce wa Ladidi itacen nan ɗanye ne, hayaƙinsa ya cika shiga ido.